Requiem na Maurice Duruflé da ogan kaɗai: ta ina ake farawa, kuma a ina kwaya ke faɗuwa?

Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayata ga masu koyar da kwaya da masu buga ogan ce. Kwaya mai mutum 32, akasarinsu da solfa suke karatu, tana son ta rera Requiem, wato waƙar Mas ɗin mamata, na Duruflé, mawallafin kiɗa Bafaranshe, a watan Nuwamba, watan tunawa da mamata. Babu okestira, sai ogan na lantarki mai jerin madannan hannu biyu da na ƙafa. Wata 6 ya rage. Abin zai yiwu kuwa? Kuma da wane sashe ya kamata a fara?

Malam Bitrus: Zai yiwu, ɗana, amma ba da takardar Duruflé za a fara ba. A rufe ta tukuna. Kusan duk karin da ke cikin wannan aiki daga rerawar Giregori, tsohuwar rerawar cocin Katolika ta Latin mai murya ɗaya, ta Mas ɗin mamata ya ɗauko shi, wadda ya tashi a cikinta tun yana yaro a makarantar mawaƙa ta babban cocin Rouen, daga 1912 zuwa 1918. Wanda bai san asalin karin ba zai yi ta ƙirga bugu ne kawai, ba zai ji inda jimla ta nufa ba.

Makonni uku na farko a ba su rerawar tsurarta, daga littattafan rerawar, Liber Usualis ko Graduale: Requiem aeternam, Kyrie, Sanctus, Agnus Dei, Lux aeterna, In paradisum. Kowa da murya ɗaya, ba ogan, ba tafi, ba buga ƙafa. Kafin a rera kowane layi a karanta kalmominsa da ƙarfi sau biyu ko uku, yadda ake karanta addu'a. Sannan kowa ya ɗauki fensir ya raba sautukan biyu-biyu da uku-uku. Wannan rabon shi ne tsarin 'yan zuhudun Solesmes a Faransa, wanda Dom André Mocquereau ya shimfiɗa, kuma shi Duruflé ya bi. Da bakinsa ya ce ƙoƙarinsa shi ne ya sasanta tafiyar rerawar Solesmes da ma'aunin kiɗan zamani. Shi ya sa a takardar kiɗan za ka ga gida mai bugu uku, na gaba mai biyu, na gaba mai huɗu. Layin da ke tsaye tsakanin gida da gida don ido aka sa shi. Ba umarni ba ne cewa a danna bugun farko.

A nan ne gizo ke saƙa. Mai ba da hannun da ya saba da waƙoƙin sujada masu bugu huɗu zai riƙa sauke hannu da nauyi a farkon kowane gida, mawaƙa su bi shi, sai Introit, sashen farko, ya fito kamar ana daka a turmi.

Rifkatu: Baba ya faɗi babban abin. Ni zan ce kafin Requiem ɗin ma a gwada kwayar da Ubi caritas, na farko cikin gajerun waƙoƙi huɗu da Duruflé ya rubuta a 1960 a kan karin Giregori. Bai kai minti 3 ba, kuma babu kayan kiɗa. 'Yan alto ne ke riƙe da karin, an raba su gida biyu suna karɓa-karɓa, maza na tallafe da su a ƙasa, 'yan soprano ba sa shigowa sai a Exsultemus. In kwaya ta kai ƙarshensa ba ta zame ƙasa ba, kuma kalmomi sun fito, to akwai fata. In ta zame rabin mataki a cikin minti biyu da 'yan kai, a yi tunanin abin da zai faru a aikin da ke cin kusan minti 40.

Ishaya: Na gode Baba, na gode Yaya. To amma maganar ogan fa? An ce an buga takardar aikin iri uku.

Danjuma: Uku ne. Na babbar okestira shi ne na 1947. Na ogan kaɗai ya biyo baya a 1948. Na uku, na 1961, ƙaramar okestira ce: kayan goge, ƙaho uku, tambura, garaya da ogan. Naku shi ne na biyu, kuma kada kowa ya ɗauka shi ne mai sauƙi. Duk nauyin okestira ne aka ɗora wa mutum ɗaya, kuma wanda ya rubuta shi gwanin ogan ne da ya zauna a kujerar Saint-Étienne-du-Mont a Faris tun 1929 har rasuwarsa a 1986. Bai tausaya wa yatsun kowa ba.

Takardar ta ɗauka kana da jerin hannu uku irin na Faransa: Grand-Orgue, Positif da Récit, ga Pédale a ƙafa. Da jeri biyu sai an yi dabara. Jerin sama ya zama Récit, shi ne mai akwatin rage sauti da ƙara shi, kuma a kansa rabin aikin zai gudana. Jerin ƙasa ya riƙa canza riga, wani lokaci Positif, wani lokaci Grand-Orgue. Wannan yana nufin canjin muryar ogan, wato irin sautin da ake kunnawa da maɓalli, da yawa a tsakiyar kiɗa, alhali hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. In ogan ɗin yana da maɓallan ajiya, a jera su bi da bi daga farkon aiki zuwa ƙarshe, a rubuta lambar kowanne da jan biro a takarda. In maɓallan ba su wuce biyar ko shida ba, dole a sami mataimaki a gefe, mai iya karatun takarda, wanda zai juya shafi ya kuma canza murya. A yi gwaji da shi aƙalla sau huɗu. Mataimakin da aka ɗauko ranar taro shi ne ke kunna ƙaho a tsakiyar Pie Jesu.

Game da muryoyin kuwa: tushen sautin shi ne na ƙafa 8, wato wanda dogon bututunsa ya kai kimanin mita biyu da rabi, yana ba da sauti daidai da abin da aka rubuta. Na ƙafa 16 yana sauka zango ɗaya ƙasa, na ƙafa 4 yana hawa zango ɗaya sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara na 4 da na 2 da gaurayen muryoyi masu kaifi tun a Introit, don mai bugu yana jin sautin ya yi duhu. Wannan duhun ake so. A Introit ogan yana gudu ne a hankali da ƙananan sautuka ƙarƙashin maza, mata kuma suna rera wasali kawai ba kalma. Sarewa mai taushi ta ƙafa 8, wataƙila da ta 4 guda ɗaya, akwati a rufe. Ya isa.

Garba na Yamai: Ina ƙara wani abu a kan muryar ogan da ake kira Voix céleste, don ana yawan ɓata shi. Ba a kunna shi shi kaɗai. Jerin bututu ne da aka ɗan karkatar da sautinsa da gangan, sai an haɗa shi da wata muryar, Gambe, sannan su biyun su ba da wannan rawar mai laushi. Kuma ba a haɗa shi da manyan muryoyi, don sai ya sa duk ogan ɗin ya zama kamar ba a daidaita shi ba. Wurinsa In paradisum da wurare irinsa. Wasu kuma suna kunna na'urar girgiza sauti ta kibod a madadinsa, su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, mawaƙa ba sa iya kama tsakiyar sauti a kan abin da ke karkarwa da sauri haka.

Yusufu: Ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Requiem na Gabriel Fauré, shi ma Bafaranshe, yana nan, sashe bakwai, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma jama'a sun fi saninsa. Na Duruflé ai kwaikwayonsa ne. Duka biyu sun bar dogon Dies irae, waƙar ranar hukunci, duka biyu suna da Pie Jesu na mace ɗaya, duka biyu sun rufe da In paradisum.

Malam Bitrus: A tsarin kalmomi gaskiyarka, ya bi sawun Fauré. Amma kwaikwayo ya yi yawa. Fauré karin kansa ya ƙirƙira. Duruflé ya ɗauki karin coci na ɗaruruwan shekaru ya tufatar da shi da haɗin sauti irin na Debussy da Ravel da malaminsa Paul Dukas. Nasa sashe tara ne, don ya raba Introit da Kyrie, ya raba Agnus Dei da Lux aeterna, ya kuma sa Benedictus wanda Fauré ya tsallake. Ka duba Kyrie. Muryoyi huɗu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna saƙa karin, sai ga shi kuma ya fito a samansu da dogayen sautuka, a okestira ƙahoni ne, a bugun ogan murya mai harshe ce, wato mai amo irin na ƙaho. Babu irin wannan a Fauré. Cewa ya fi sauƙi kuwa, wannan ba gardama.

Yusufu: To na ji, Baba. Amma mutum 32 masu solfa?

Rifkatu: Adadin ba shi ne matsala ba, rabon ne. Muryoyi suna rabuwa gida biyu a wurare da dama, Sanctus ma da mata kashi uku yake farawa. In kana da soprano 14, alto 8, tena 4, bas 6, kamar yadda kwayoyinmu suka saba zama, to tena biyu-biyu za su tsaya, kuma a Hosanna ba wanda zai ji su. A nemi aƙalla tena 6 da bas 8, ko a mayar da 'yan alto biyu masu zurfin murya su taimaka wa tena na sama.

Solfa kuma tana aiki lafiya a Introit, Kyrie, Agnus Dei da Lux aeterna. Inda take wahala shi ne Domine Jesu Christe, sashe mafi tsawo, don gidan doh yana ta ƙaura. Mai juya takardar zuwa solfa ya zauna da mai ogan su yanke inda za a canza doh, kuma su sa canjin a wuri ɗaya ga dukkan muryoyi. Akwai wani tarko kuma. Kunnen da ya saba da waƙoƙin sujada yana son ya ɗaga sautin da ke gab da na ƙarshe, ya ce se inda aka rubuta so. Karin Giregori ba ya son wannan. Mataki cikakke ne zuwa gida, kuma da an ɗaga shi ƙamshin ya tafi. A yi da'ira a kan irin waɗannan sautuka tun ranar farko.

Sai furuci. Wasulanmu biyar sun dace da Latin sosai, wannan riba ce. Amma abu biyu suna cin mu. Na ɗaya p da f: lux perpetua ya koma ferfetuwa, Pie Jesu ya koma Fiye. A sa su riƙe 'yar takarda gaban leɓe, p na gaskiya leɓe biyu ne a rufe kafin iska ta fita. Na biyu cusa wasali tsakanin baƙaƙe: Christe ya zama Kiriste, gloriae ya zama giloriye. Wannan ya fi muni, don ya ƙara gaɓa, gaɓar kuma ta ci lokacin sautin da ke gaba, sai rabon biyu da uku da Baba ya ce ya rushe. Maganinsa a riƙa sa baƙaƙen kafin bugu, wasalin ya sauka a kan bugun.

Sista Maryamu: Tambaya ga Malam Bitrus. Ai tsarin Mocquereau an wuce shi. Tun binciken Dom Eugène Cardine a kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu, da fitowar littafin rerawa Graduale Triplex a 1979, a Solesmes ɗin kanta ba haka ake rerawa ba. Sautuka ba daidai suke da juna ba, nauyin kalma ne ke ja. Me zai sa a koya wa matasa tsarin da masu shi suka bari?

Malam Bitrus: Sista, in rerawar Mas ta ranar Lahadi ake magana, ina bayanki. Amma nan Duruflé ake rerawa, shi kuwa ya riga ya rubuta tsawon kowane sauti, ya ɗaure shi da ogan da ke gudu a ƙasa. In maza suka ce za su ja wannan gaɓa su gaggauta waccan bisa tsohon rubutun hannu, mai ogan da ke buga sautuka huɗu a kowane bugu ina zai sa kansa? Abin da Duruflé ya ji a kunnensa a 1947 shi ne tsarin Mocquereau. Waƙoƙin nan huɗu na 1960 ma ga Auguste Le Guennant ya sadaukar da su, shugaban cibiyar koyar da rerawar Giregori ta Faris, inda wannan tsarin ake koyarwa.

Sista Maryamu: Na yarda a inda ogan ke gudu. Amma a farkon Lux aeterna da farkon In paradisum, inda soprano ke tafiya a kan sautuka masu tsayawa, akwai fili. A can ban ga laifin barin kalma ta ja ba.

Malam Bitrus: Kaɗan, kamar gishiri. In ya wuce haka sauran muryoyin ba za su san lokacin canza sauti ba.

Danjuma: Bari in koma kan na'ura, don nan ma ana asara. Sauti mafi zurfi na muryar ƙafa 16 yana kaɗawa kusan sau 33 ne a daƙiƙa. Lasifikar da ake wa'azi da ita ba ta kai can, sai ta ba da gurnani ko ta yi shiru, a ɗauka ƙafar mai bugu ce ba ta aiki. A nemi lasifika ta musamman ta ƙananan sauti, a ajiye ta a ƙasa kusa da bango. Sauran lasifikun a sa su bayan kwaya, sama da kawunansu, ba a gaba suna kallon jama'a ba. Mawaƙa su fara ji kafin kowa. In ɗakin yana da labule da silin mai shanye sauti, a ƙara amsa-kuwwa ta na'ura kamar daƙiƙa 2, kada a wuce 3, in ba haka ba gudun Sanctus zai cakuɗe.

Nisa ma abin lura ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. In ogan yana bayan coci, kwaya tana gaba, tsakaninsu mita 34, to kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne zuwa, haka kuma dawowa. Mai ogan da ya jira ya ji kwaya kafin ya danna kullum a makare yake, kwaya kuma ta jira shi, sai tafiya ta yi ta ja baya. Dole ya bi hannun jagora da ido, ta madubi ko kyamara, ya toshe kunnensa daga abin da ke dawowa.

Garba na Yamai: Ga waɗanda ke da ogan na bututu na gaske kuma, zafi yana ɗaga sautin bututun sarewa, masu harshe kuwa kusan suna nan inda suke. Bambancin digiri 10 yana kai kusan sulusin rabin mataki. Don haka a daidaita masu harshen a daidai lokacin da za a yi taron, da fitilu a kunne, ba da sanyin safiya ba. Mai celo, wato babban goge, da ke raka Pie Jesu shi ma daga ogan zai ɗauki la ɗinsa, ba daga wayarsa ba.

Ishaya: To in babu mai celo fa? Kuma bariton ɗin, mai muryar da ke tsakanin tena da bas, da zai rera shi kaɗai, ba mu da mai irin wannan muryar.

Rifkatu: Celo a bugun ogan ba dole ba ne, mai ogan yana iya ɗaukar layin da murya mai ɗumi ta ƙafa 8. Na bariton kuwa Allah ya hutar da kai. Wurare biyu ne kawai, Hostias a cikin Domine Jesu Christe da Tremens factus sum a cikin Libera me, kuma Duruflé da kansa ya fi son maza masu wannan muryar su rera su tare. Ka haɗa bas na sama da tena na ƙasa, mutum shida ko bakwai. Wadda ba ta da madadi mai sauƙi ita ce mai Pie Jesu. Ba soprano mai siririyar murya ake nema ba kamar a Fauré. Mezzo ce, wato tsakanin soprano da alto, mai ƙasa mai kauri, wadda za ta iya hawa da ƙarfi a tsakiya sannan ta sauko ta ƙare a ƙasa can da rabin murya. A zaɓe ta tun yanzu, wata 6 ba su yi mata yawa ba.

Yusufu: Mai ogan ɗin kuma wa ya tambayi ƙarfinsa? Kowa yana ta maganar kwaya.

Danjuma: Tambaya mai kyau. Gwajinsa shi ne Sanctus da tsakiyar Domine Jesu Christe, wurin libera eas de ore leonis. In bai iya buga su a tsanake ba tare da duban ƙafarsa ba nan da wata 3, a raba aikin: mutum ɗaya hannu, wani ya buga layin ƙafa a kibod na biyu da muryar ƙafa 16 da 8. Ba abin alfahari ba ne, amma ya fi a tsaya a tsakiya. Kuma kada a ce masa ya fara da manyan ayyukan ogan na Duruflé don ya saba da salon. Suite ta kusan 1933, musamman Toccata ɗinta, tana cikin mafi wuya da aka rubuta wa ogan, shi kansa mai ita daga baya ya ƙi jininta. Gajeren Prélude na bikin Epifaniya, na 1961, shi ne daidai mai koyo. Sicilienne ta cikin Suite ɗin tana koyar da canjin murya da riƙe akwati.

Garba na Yamai: Wanda ya ƙware kuma, in ana son abin buɗe taro na watan mamata, babu kamar Prélude et fugue na 1942 da ya yi don tunawa da Jehan Alain, mai buga ogan kuma mawallafin kiɗa, wanda aka kashe a yaƙi kusa da Saumur a watan Yunin 1940 yana da shekara 29. Haruffan sunan ya mayar sautuka, suka ba da la, re, la, la, fa a kiran Faransa inda do ba ya motsi. A ƙarshen Prélude ɗin karin Litanies, wani kiɗan ogan na Alain, yana shigowa. Amma minti 12 ne na gudu, kada a ɗora wa mutumin da zai buga Requiem nan take sai in ya ce zai iya.

Sista Maryamu: A tuna kuma da haƙƙin mallaka. Duruflé ya rasu a 1986, ayyukansa suna hannun kamfanin Durand, shekara 70 bayan rasuwa ba su cika ba. A sayi takardu, ko da mutum biyu za su raba ɗaya. Sannan in a cikin Mas za a rera, ba a taron sauraro ba, Libera me da In paradisum ba na cikin Mas ɗin ba ne, na addu'ar sallamar gawa ne a ƙarshe. A zauna da Fada a tsara wurin kowane sashe. In kuma mazan ne suka fi ƙarfi a kwayar, akwai Mas ɗinsa ta Cum jubilo ta 1966, bariton zalla da murya ɗaya, wadda ya rubuta bayan Majalisar Vatikan ta Biyu lokacin da yake baƙin cikin ganin ana ture rerawar Giregori daga cocin Faransa.

Ishaya: Allah ya saka da alheri. To jerin koyo: rerawa tsura, Ubi caritas, sannan me?

Malam Bitrus: Agnus Dei da Lux aeterna, don karin a fili yake. Sai Introit da Kyrie a haɗe, tunda babu tsayawa tsakaninsu. Domine Jesu Christe ya shigo kafin ƙarshen wata na biyu, kada a bar shi baya don tsoro, shi zai ci kashi ɗaya cikin uku na lokacinku. Sanctus da Libera me bayansa. In paradisum a riƙa taɓa shi minti biyar a ƙarshen kowane gwaji, lokacin da muryoyi suka gaji, don a gajiye za su same shi ranar taro. Kuma a gargaɗi mai ogan da 'yan kwaya game da haɗin sautin ƙarshe. Akwai na bakwai da na tara a cikinsa, bai sauka gida ba, haka aka rubuta shi. Za a sami wani bas ko alto da zai so ya gyara shi ya zame zuwa sautin da kunnensa ke nema. A sa kowace murya ta riƙe nata ita kaɗai tare da ogan, a ƙirga takwas a hankali, sannan a ɗora ta gaba a kai.

Rifkatu: Kuma numfashi a wurin bi da bi, kada mutum biyu da ke kusa da juna su ja tare. A rubuta wa kowa gaɓar da zai ja nasa.